Lambar Ɗan Farin Malam Buba

Samarin da suke taruwa a bencin ƙofar shagona da yamma, a nan Gwarzo, sun daɗe da yanke hukunci a kan sana'ata. A ganinsu ba ni da aiki sai shan shayi da jin rediyo. Wai abin da nake yi bai wuce in hau mota in je Kano, in sayo bajon da ake ɗinka wa riga da lambobin yabo da ƙyallen wuya, in dawo in harɗe ƙafa 'yan sikawut su zo su kwashe ba. Ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi in bar masa shagon in tafi Umara, zan dawo in tarar ya buɗe reshe a Kabo. Na ce masa Allah ya nuna mana. Tunda ba sa iya zama su saurari magana har ƙarshenta, bari in rubuta, in ya so su karanta a wayoyin nasu.

Bajo na farko da ya shigo hannuna, ina gaban maigidana Malam Iro Tela a Kabo, lokacin ban fi shekara guda da fara taka keken surfani ba. Wani siririn malamin firamare daga Gude, mai tsayuwa kamar ya haɗiye sanda, ya kawo zanen harshen wuta a takarda. Sunansa Malam Buba, shi ne shugaban 'yan sikawut na makarantarsu. Ya ce wannan bajon ana ba yaron da ya iya hura wuta a daji ya dafa abinci ba tare da kananzir ba. Na ɗame kaki a zoben katako, na zana da alli, na taka keke da jan zare da ruwan ɗorawa, ina jin kaina. Da na gama Malam Iro ya karɓa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, sannan ya tambayi Malam Buba ko yanzu 'yan sikawut sun fara ba da lambar noman albasa ne. Malam Buba bai yi dariya ba. Ya ce ba su fara ba. Maigidana ya miƙo mini reza, na zauna ina warware zare har ido ya yi mini ja.

A nan na koyi abu na farko. Bajo bai fi bakin kofin shayi faɗi ba, amma yaro yana yin watanni yana ƙona yatsu kafin a ba shi. In ka ɗinka masa albasa, albasa zai ɗauka a kafaɗa har rigar ta yi masa kaɗan.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: keke, zoben katako, alli, reza, ɗan almakashi mai lanƙwasasshen baki don tsince zare, kyandir na ƙone bakin ɗinki, da dutsen guga na gawayi. Yau inji mai kwamfuta a Kano yana fitar da bajo ɗari kafin ka gama alwala, shi ya sa na ajiye keke na koma dillanci. Amma dillalin da bai taɓa ɗinki ba, da shi ake cin kasuwa. Ni in na ɗauki bajo, bayansa nake fara dubawa. In zaren baya ya yi sako-sako, wanki biyu zai zube. Ƙyallen wuya kuwa sai na jiƙa bakinsa da yawu na goga a farar hulata, in ya bar launi in ajiye wa mai shi kayansa. Zoben fata da ake zura ƙyallen a ciki, dukawan Getso ne suke yi mini. Lambobin ƙarfe kuma akwai wani maƙerin tagulla a birni da yake zuba su ya sassaƙa suna a baya. Kowane ɗayansu na san halinsa, na san wanda in ya ce gobe yana nufin gobe, da wanda gobensa sai bayan sallah.

Masu saye ma karatu ne. Wata Hajiya ta taɓa sauka daga mota a ƙofar shagon nan, ta ce in cika wa ɗanta hannun riga da bajo daga kafaɗa har gwiwar hannu, kamar na ɗan maƙwabtansu, ko nawa ne. Na tambaye ta ko yaron ya iya ɗaurin igiya, ta ce ko igiyar takalminsa ita take ɗaure masa. Na ba ta haƙuri. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba ne kawai. In bajo ya zama abin da kuɗi yake saya, baɗi babu yaron da zai so shi, ni kuma na rufe shago. Ba na sakin bajon yabo sai a hannun shugaban runduna. Don kada ta fita hannu wofi, na sayar mata da usur. Mutanen unguwarsu har yau ba su yafe mini ba.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta annoba, da aka rufe makarantu. Na riga na cika shago da kaya saboda babban zangon da aka shirya a Mainika, sai ga sanarwa ba taro, ba fareti. Kaya suka zauna suna kallona ina kallonsu. Da na ga gara ta fara yi mini sallama, sai na tashi. Kaki na sayar wa manoma suka yi wandon gona. Usur na kai wa 'yan sintiri da alkalan ƙwallon unguwa. Ƙyallen wuya na yanka na ba mata suka ɗinka takunkumin rufe hanci, rabin garin Gwarzo ya wayi gari da hanci kore da ruwan ɗorawa. Babban kofin gasa mai hannu biyu kuwa wata mai fura ce ta saya, tana dama wa manyan baƙi a ciki. Ban ci riba ba, amma ban rufe ba.

Duk wannan somin-taɓi ne. Aikin da nake so samarin nan su ji shi ne na lambar Shu'aibu.

Shu'aibu ɗan Malam Buba ne, ɗan fari. Su Malam Buba asalinsu masu shanu ne, sun zauna a Gude suna noma da kiwo, kuma kunyar ɗan fari a gidansu ba wasa ba ce. Tunda aka haifi Shu'aibu uban bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi, ba ya kallonsa ido cikin ido. In magana ta kama dole sai ya ce “wancan” ko “yaron nan.” Da yaron ya isa shiga sikawut, uban da kansa ya tura shi rundunar Getso, wajen kawunsa, don kada kiran suna na safe ya haɗa su. A can ya girma, ya zama malamin makaranta, ya zama shugaban runduna, har ya tara iyali.

Wata damina ruwa ya yi ɓarna a wajen Getso, gidajen ƙasa suka riƙa zubewa. Shu'aibu ya tara manyan yaransa, suka ɗaure igiya daga wannan bishiya zuwa waccan a kan rafi, suka riƙa goyon tsofaffi suna tsallakar da su, suka kwashe hatsi daga rumbuna kafin su rufta. Bayan ruwa ya janye suka zauna kwaɓa ƙasa suna tayar wa gwauraye da marayu katanga. Da shugabannin shiyyar Gwarzo da Kabo suka zauna zaɓen wanda za a ba babbar lambar hidima ta shekarar, ba a yi gardama ba. An ce da aka ambaci sunan, Malam Buba ya tashi ya fita, ya tsaya a gindin darbejiya yana duba ganye har aka gama.

Matsalar ita ce, a ƙa'idarsu, babbar lamba shugaban da ya fi kowa daɗewa ne yake kiran mai ita ya saka masa da hannunsa. Wanda ya fi kowa daɗewa kuwa Malam Buba ne. Shi ne ma ya kafa ƙa'idar.

Ni ban kawo komai a raina ba, na je birni na sa aka zuba lamba ta tagulla mai nauyi, aka sassaƙa sunan Shu'aibu a baya, da fil mai ƙarfi na sokewa a ƙirjin riga. Ranar da na dawo da ita sai ga Malam Buba a shago. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi shanu, ya tambayi kasuwa, na tambayi damina, muka sake zagayowa. Sannan ya gyara murya ya ce yana jin ranar Asabar ɗin taron zazzaɓi zai kama shi. Na ce ikon Allah, ban san zazzaɓi ya fara aiko da goron gayyata ba. Ya ce nasa yana aikowa. Wai a ba wani babban baƙo ya saka wa wancan abin.

Bai daɗe da fita ba sai ga Shu'aibu a kan babur. Ashe labarin zazzaɓin ya riga ya kai Getso. Mutum ne dogo, mai sanyin magana, bai ko zauna ba. Ya ɗauki lambar ya juya, ya ga sunansa, ya ajiye a hankali.

“Baba Sale,” ya ce, “in ba hannunsa ne zai saka mini ba, ka bar ta a shagonka. Duk wanda ya miƙo ta in ba shi ba, zan sara masa in koma layi.”

Na san ba barazana yake yi ba, jinin uban ne a jikinsa. Zan faɗi gaskiya, tausayinsa ya kama ni, amma lissafin ɗan kasuwa ma ya kama ni. Lambar da aka sassaƙa wa suna ba ta da mai saye na biyu a duniya, sai dai in nemo wani Shu'aibu Buba in tura shi cikin rafi ya ceto mutane. Bayan haka, in babbar lamba ta koma cikin akwati a gaban manyan baƙi, an zubar da mutuncin taron, kuma wanda yake cin abinci da taron ni ne.

Washegari na hau babur sai Gude. Na tarar da Malam Buba a garke. Aka kawo fura da nono, na sha har na ji kunya, sannan na buɗe ciniki, don ciniki ne. Na ce kiran sunan a bar wa sakataren shiyya, shi ya saka lambar kawai. Ya ce ƙa'ida ta ce mai sakawa shi ne mai kira. Na ce wanda ya kafa ƙa'ida yana da ikon yi mata ragi. Ya ce shi bai taɓa yi wa ƙa'ida ragi ba. Na ce to zazzaɓin ƙarya a wane shafi na ƙa'idar yake. Ya juya yana kallon wani ɗan maraƙi. Can ya ce ya yarda sakatare ya kira, shi zai saka, amma da sharaɗi: ba zai kalle shi ba.

Na ce an sayar. Sai a kan hanyar dawowa abin ya faɗo mini. Tsoho mai rawar hannu, fuskarsa tana kallon gabas, fil kamar ƙayar aduwa a hannunsa, ƙirjin ɗansa a yamma. Wannan ba bikin yabo ba ne, hanyar asibiti ce. To ga abin da samarin benci ba su sani ba: kafin ka sayar da lamba, sai ka san wuyan da za ta hau da hannun da zai ɗora ta. Na sa filaya na cire fil ɗin, na kai wa mai walda ya liƙa ɗan zobe, na fito da tsohon kekena na ɗinka mata maratayi na ƙyalle mai faɗi, wanda ko ƙwarya aka sa a ciki za ta wuce.

Na koma Gude muka yi gwaji. Muka kife turmi a kan benci a tsakar gida ya zama Shu'aibu. Malam Buba ya ƙame, ya juya fuska wajen danga, ya ɗaga maratayi da hannu biyu ya saki. Na farko ya faɗa ƙasa. Na biyu ya kama kunnen benci. Matan gidan suna bayan zana suna toshe baki da mayafi, kaji suna kallonmu. Kafin la'asar dai turmi ya sha lambar yabo har ya gaji, Malam Buba ya ce ya ƙware.

Ranar Asabar aka yi taron a filin wata makaranta a Kabo. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika a kan bishiya. Rundunoni sun zo daga Gwarzo da Getso da Mainika da Gude, kowa kakinsa ya sha guga, masu ganga suna ta kai da kawo. Mutanen Getso da aka tsallakar a rafi sun cika mota guda sun zo, har da wata tsohuwa da ta ce a bayan Shu'aibu ta haye, kuma ba ta taɓa hawa abin da ya fi shi lafiya ba. Aka fara da ƙananan bajo. Kowane yaro ya zo ya sara, a ba shi, a yi musabaha da hannun hagu kamar yadda 'yan sikawut suke yi, dattawan da suke rumfa suna ta salati a ƙasa-ƙasa. Ni ina bayan tebur da faranti a hannu, filaya da allura a aljihu, inda nake tsayawa a kowane taro.

Da aka zo babbar lamba, sakatare ya karanta aikin da aka yi a rafi, ya kira suna. Shu'aibu ya fito yana taku, ya tsaya a gaban ubansa, ya buga ƙafa ya sara. Na miƙa faranti. Malam Buba ya ɗauki lambar, ya juya fuska wajen bishiyar lasifika, ya ɗaga maratayi da hannu biyu daidai yadda muka koya.

Sai ya tsaya a haka.

Turmi ba ya numfashi, ba ya kuma da ƙamshin ɗanka. Hannuwan suna sama, ba su gaba ba su baya. Masu ganga suka tsayar da kiɗa. Shu'aibu ya ɗan sunkuyar da kai yana jira, tsakaninsa da maratayin akwai kamu biyu. Sai na ga ƙafar tsohon ta fara ja da baya, idonsa yana neman babban baƙon da yake zaune a kujerar gaba. Babban baƙon kuwa har ya fara tattara babbar riga zai miƙe. Na san abin da zai biyo: baƙo ya karɓa, Shu'aibu ya sara ya koma layi, gari ya ɗauka.

Na san Malam Buba tun ina warware albasa. Akwai abu ɗaya da yake ƙi fiye da yadda yake jin kunya, shi ne a yi abu ba daidai ba a filin fareti. Ya taɓa tsayar da taro saboda hular yaro ɗaya ta karkace. Sai na ajiye faranti, na cire hulata, na ratsa tsakaninsu na cusa kaina cikin maratayin.

Da ya ji nauyin kai, sai ya saki da sauri kamar wanda ya sauke kaya. Lambar ta faɗo mini a ƙirji. Ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa har yanzu tana wajen bishiya, ya miƙo hannun hagu. Na kama na girgiza da kyau. Sai dariya ta fashe daga layin ƙananan yara ta bi ta rumfa. Tsohuwar Getso tana tambaya ko wannan mai tumbin ma ya shiga rafi ne.

Malam Buba ya juyo. Ya ga sanƙona, ya ga lambar tana lilo a kan rigata ta shadda. Bakinsa yana dab da abin magana, kuma ba a kashe shi ba.

“Kai Sale, wa ya kira ka? Cire. Wannan ta Shu'aibu ce.”

Lasifika ta ɗauki sunan ta kai shi har bakin titi.

“Na'am, Baba,” in ji Shu'aibu.

Tsohon ya kai hannu bakinsa, amma magana ta riga ta fita. Matan Gude da suke can gefe suka saki guɗa, masu ganga suka faɗa wa ganga, yara suka manta da layi suna jefa huluna sama. Shi kuwa, tunda abin da ake gudu ya riga ya faru, sai fushi ya ƙarasa masa aikin. Ya fizge maratayin daga wuyana har ya tafi da fatar kunnena, ya yi ɗage, don ɗan ya fi shi tsawo, ya rataya masa. Lambar ta zauna a karkace. Malam Buba ba ya iya ganin abu a karkace. Ya sa hannu biyu ya daidaita ta, ya gyara ƙyallen wuyan, ya ja zoben fatar sama, ya kakkaɓe wata ƙura da ni ban gani ba a kafaɗar. Duk wannan yana kallonsa, a gaban Gwarzo da Kabo.

Ya ja da baya taku ɗaya ya duba aikinsa. Sannan ya ce, a hankali, amma lasifika ba ta da sirri, “Gyara tsayuwarka, kana gaban mutane.”

Shu'aibu yana tsaye kamar turken ƙarfe, babu abin gyarawa. Ya buga ƙafa ya gyara.